Tunga 'yar zaman lafiya ce: tarihin Arewa da tsaron gidan da ke shi kaɗai a daji

Bayan babbar sallar da ta wuce, ƙanen mahaifiyata ya aiko a kira ni. Kawu yana zaune ne a tungar da kakanmu ya sara, tafiyar kusan awa ɗaya a ƙasa daga garinmu, cikin ƙasar Tibiri. A da gida uku ne a wurin. Yanzu saura nasa kaɗai, sauran biyun sun kwashe sun koma gari. Na tarar da shi zaune a kan tabarma bakin garke, ya sayar da bijimi ɗaya, kuɗin na cikin aljihunsa. Bayan mun gaisa sai ya ce mini: "Mushe, kai da kake karantar da ɗiyan mutane tarihi, mi za ni yi da kuɗin ga? Wani ya ce in ja katangar siminti in sa ƙofar ƙarfe. Wani ya ce in nemi bindiga. Innarka kuwa cewa take mu tashi."

A ranar ban ba shi amsa ba, domin ba ni da ita. Amma tambayar ta bi ni har gida. Na san kuma ba Kawu kaɗai ke yin ta ba. Duk malamin da ke koyarwa a ƙauyukan Dogon Kiriya, Sukukutan, Dankasari, Gesheme ko Koren Mairuwa ya san yaran da ke zuwa aji daga tunga, ya kuma ga yadda iyayensu suka fara ɗauke su tun rana ba ta yi sanyi ba. Wannan ya sa na koma na sake duban abin da nake karantarwa, na tambayi kaina: shin kakanninmu da suka rayu a zamanin da ya fi namu tashin hankali, yaya suke tsare gidan da ke shi kaɗai a daji?

Amsar da na samu ta ba ni mamaki saboda sauƙinta. Ba su tsare irin wannan gida ba, domin ba su gina shi ba.

Mu fara daga tushe. Ƙasar Arewa tana kwance ne a kan kwarin nan da ake kira Dallol Mawri, inda ruwa yake kusa, ƙasa take da albarka, duwatsu masu faffaɗan kai suke tsaye gefe da gefe, ciki har da wanda garin Dogon Dutsi ya ci sunansa. Labarin da manya ke bayarwa, wanda Bafaranshen nan Marc-Henri Piault ya tattara a littafinsa na tarihin Arawa a 1970, ya ce Gubawa ne 'yan ƙasa na farko, Sarauniya tana Lugu, Baura yana Bagaji. Sai wani ɗan sarki mai suna Ari ya zo daga Barno da mayaƙansa, Baura ya ba shi 'yarsa, aka haifi Akazama, wanda sarautar Arewa ta faro daga kansa. Daga nan aka raba aiki: zuriyar baƙo ta riƙe yaƙi da mulki, 'yan ƙasa suka riƙe ƙasa da al'adunta.

Idan ina ba yara wannan labari nakan tsaya a kan abu ɗaya. Mutanen Bagaji ba su miƙa tsaron kansu ga baƙo mai makami haka siddan ba. Sai da suka ɗaure shi da aure, ɗansa ya zama jikansu, yadda in ya cuce su ya cuci dangin uwar ɗansa. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ƙarni na 19 ya zo wa Arewa da wuta ta ko'ina. Bayan jihadin da aka fara a 1804, daular Sakkwato da Gwandu suna gabas da kudu maso gabas. Mahara kan raƙuma suna saukowa daga arewa. A 1849 Yakubu Nabame ya ta da tutar Kabi daga Argungu, Arawa da Zabarmawan Dosso da Dendawa suka mara masa baya, aka shiga yaƙe-yaƙen da suka ci shekaru masu yawa. In ban da ɗan sararin da aka samu lokacin sulhun da ake kira Lafiyar Toga, kusan duk rabin ƙarnin a cikin hari da ramuwar hari aka yi shi. A wannan zamani ne sunan Samna Ƙarfe na Tibiri ya fito a fagen daga. Abin da mahari ke nema a lokacin shi ne shanu da hatsi da mutum, domin mutum ma haja ne a kasuwa.

Kakata ta wajen uwa, wadda ta ji daga bakin tata kakar, takan ba mu labarin yadda ake kwana a wancan lokaci. Kowa yana cikin gari. Gari kuma yana cikin kafi na itace, bayan kafin akwai sarƙaƙiya da aka bari da gangan ta yi duhu, ba mai saran ta, sai 'yan hanyoyi ƙanana waɗanda ɗan gari kaɗai ya san inda suka ɓulla. Gonaki suna kusa, iyakar inda kuwwa za ta kai. Maza sukan fita noma a ƙungiya, kwari da baka a rataye a jikin itace kusa da hannu, wani yaro mai ido yana bisa dutse ko bisa itace yana duban ƙura. In ya ga abin da bai gamsu da shi ba sai ya yi kuwwa, mata su amsa, a buga ganga, gari na kusa ya ji ya kawo gudunmawa. Kafin magariba dabba da mutum duk sun shige. Kakata takan ce a lokacin wanda ya kwana shi kaɗai a daji, ko maharbi ne, ko mahaukaci, ko wanda gari ya kora.

Idan aka duba da kyau, itace da ƙaya su ne ƙaramin kaso a wannan tsari. Babban kason mutane ne: mai gani, mai kuwwa, mai amsawa, da garin da ya yi alkawarin zuwa.

Shekarar 1899 ta gwada wannan tsari da abin da bai taɓa gani ba. Rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratso daga yamma tana ƙone garuruwa. A ranar 16 ga Afrilu ta isa Lugu, garin Sarauniya Mangu. Mutanen Lugu da na Tugana ba su tsaya a fili ba. Sun ja da baya cikin kurmin da suka sani, suna harbin kibiya daga cikin ƙaya, inda doki ba ya shiga, mai bindiga kuma ba ya ganin abin da yake harbi. Bayanan Faransawan kansu sun nuna sun ƙona harsashi kusan 7,000, an kashe musu mutum huɗu, shida sun ji rauni. An ƙone Lugu, an kashe mutane, amma Sarauniya ba ta shiga hannu ba, kuma waɗanda suka tsira sun dawo sun sake gina garinsu. Sarautar Sarauniya ta ci gaba a wurin har zamaninmu.

Makonni kaɗan bayan haka, a farkon watan Mayu, rundunar ta isa Birnin Ƙonni, gari mai ganuwa. Voulet yana da igwa. Ganuwar da aka gina don ta hana mahayin doki shiga sai ta hana mutanen ciki fita, aka yi musu kisan da har yau ba a manta ba. Yaranmu sun san sunan Sarauniya saboda littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986, kuma abin da suka fi riƙewa shi ne jarumta. Ni abin da nake so su ƙara riƙewa shi ne lissafi: katanga tana da amfani ne daidai da makamin wanda ya zo. In ya fi ƙarfinta, wanda ke da hanyar fita shi ne mai rabo.

To daga ina tunga ta fito? Turawa sun yi ta jan layi a kan ƙasarmu. Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1898 ta zana baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, sannan aka gyara ta a 1904 da 1906, ayarin Tilho ya bi ya kafa alamomi. Layin ya raba Arawa biyu, shi ya sa har gobe akwai ƙaramar hukuma mai suna Arewa a jihar Kebbi, kuma da wuya ka sami gida a wajenmu da ba shi da dangi a can. Nauyin sarauta ya tashi daga Matankari ya koma Dogon Dutsi inda Bature ya zauna. Mulkin ya zo da haraji da aikin tilas, wanda ba a soke ba sai 1946. Amma ya kashe harin bayi. Da hari ya mutu sai kafi ya ruɓe ba wanda ya sake kafa shi, aka sare sarƙaƙiya aka shuka hatsi, mutane suka fara nisa da gari. Wani ya fita don ƙasar kusa ta gaji, wani don ya yi nesa da idon dogari, wani don gyaɗa ta fara kawo kuɗi. Da farko bukkar damina ce, a girbe a dawo. Daga baya aka haƙa rijiya, aka kafa rumbu, aka kawo mata da yara. Duk sunan wuri da ka ji ya fara da Tunga a jihar Dosso, tarihin wani magidanci ne da ya yarda cewa daji ya yi lafiya. Jama'a kuma ta yi ta ƙaruwa: Nijar da ke da mutum wajen miliyan uku a 1960 ta haura miliyan 17 a ƙidayar 2012, kowa kuma yana son gona.

Ɓarawon wancan zamani na tunga, wanda na taso na sani, mutum ɗaya ne ko biyu, da sanda ko wuƙa, yana neman akuya ko damin hatsi, yana kuma tsoron a gane fuskarsa. A kansa aka gina duk dabarun da muka gada. Darnin kara da shingen ƙayar magarya. Aguwa da ake dasawa ta zama danga mai rai. Garke a tsakiyar gida, ɗakin maigida yana kallon ƙofarsa. Kare, da zabi waɗanda ba sa ganin baƙon motsi su yi shiru. Shaida a kunne ko a cinyar dabba, yadda in ta ɓulla a kasuwar Dutsi ranar Juma'a dillali zai gane ta. Sannan bin sawu: da asuba maza su taru su bi sawun har inda ya shiga, maigarin wurin ya fito da ɓarawo ko ya nuna inda sawun ya fita. Waɗannan dabaru sun yi aiki shekaru da yawa, kuma har yanzu suna aiki a kan irin wannan ɓarawo.

Abin da ya canza shi ne wanda ke zuwa. A watan Oktoban 2020 'yan bindiga suka ɗauke wani Ba'amurke daga gidansa da ke gefen ƙauyen Masalata kusa da Ƙonni, suka tsallaka da shi Najeriya, sai sojojin ƙasarsa ne suka ƙwato shi. A watan Yunin 2024 aka kashe sojoji shida masu gadin bututun man fetur a wajen Salkam, cikin ƙasar Tibiri. A watan Nuwamban 2024, a garin Mera na ƙaramar hukumar Augie a jihar Kebbi, Lakurawa suka kora shanu, mutanen gari suka yi abin da kakanninsu ke yi, suka bi sawu, aka kashe mutum 15 daga cikinsu. Su kuma Lakurawan, kamar yadda aka yi ta bayyanawa, wasu al'ummomin Tangaza da Gudu a jihar Sakkwato ne suka fara karɓar su don su kore musu ɓarayin shanu. Baƙo ne mai makami wanda ba aure, ba dangi, ba wata hukuma da ta ɗaure shi. Da ya gama da ɓarayi sai ya juyo yana karɓar dabbobi da sunan zakka. Nan ne labarin Baura da Ari yake dawo mini.

Da na tattara wannan duka sai na koma wurin Kawu, na gaya masa abin da nake gani, kuma shi ne nake gaya wa iyayen yara in sun tambaye ni.

Na ce masa ya fara raba ɓarayin biyu, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Na farko, mai sanda, ana tsare shi da abu mai araha. A gyara shinge, a dasa aguwa da ƙaya tun da damina don su kama. A sa ƙyaure mai ƙarfi da sakata ta ciki a ɗakin kwana, kwaɗo a rumbu. A sa fitila mai aiki da hasken rana ta haska garke da bakin ƙofa, ba ta haska inda mutane ke kwance ba. A ciyar da kare, kada a bar shi yana yawon neman abinci har ya saba da kowa. A share ciyawa kewaye da rumbuna, domin a lokacin hunturu gobara ta fi ɓarawo cin dukiyar tunga. Katangar siminti kuwa, a gidan da ke shi kaɗai, ta fi yin shela cewa akwai abin ɗauka a ciki, kuma tana hana na ciki ganin mai zuwa.

Na biyu, masu zuwa da babura da bindigogi, babu ƙofar da za ta tsayar da su, kuma bindiga ɗaya a hannun dattijo ba za ta yi ba. Riƙe ta ba da izinin hukuma ba laifi ne, sannan ita kanta abin nema ce a wurinsu. A kansu sai dabarar Lugu: a gan su da wuri, a sanar, a fita. Kuwwar yau ita ce waya. Ta kwana da caji da kuɗi a ciki, a san daidai inda ake samun layi, lambar maigari da ta jandarmomi mafi kusa da ta maƙwabta uku su kasance a kan kowa na gidan, har mata da manyan yara. A bar ƙaramar kafa a bayan shinge, kowa ya san inda za a haɗu in an watse cikin dare. In an kora dabbobi kada a bi, a kai rahoto. Saniya ana sake sayen ta.

Sai abin da ke jawo su. Da ɗan gari kan ci gari: kusan duk wanda aka je wa gida, wani ne ya faɗi cewa ya sayar da sa, ko ɗansa ya aiko da kuɗi daga Legas ko Libiya. Kuɗi kada su kwana a tunga. A bar su a wurin masu ajiya da aika kuɗi a gari, a riƙa ɗaukowa kaɗan kaɗan. Yawancin hatsi da manyan dabbobi su ma gara su kwana a gari, a bar na ci da na aiki.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi duka, maƙwabci. Na tambayi Kawu yaushe rabonsa da zuwa rugar Fulanin da ke yamma da gonarsa. Ya yi shiru, sannan ya ce tun rikicin ɓarnar da aka yi shekara uku da suka wuce. Na ce masa su ne kaɗai za su ji kuwwarsa, kuma su ne ke fara ganin baƙon sawu a daji. Su ma ana kore musu shanu kamar kowa. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa don irin wannan saɓani, kuma maigari yana nan. Ba mu manta da Toda ta jihar Maraɗi ba, inda a 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da ɗari. Wanda ya mai da maƙwabcinsa abokin gaba ya rushe rabin shingensa da hannunsa.

Ga 'yan'uwana malamai, akwai namu kason. Yaran tunga su riƙa tafiya tare su dawo tare. Mu san waɗanda suka fi nisa, mu sallame su da wuri in an ji ƙishin-ƙishin. Mu koya musu cewa abin da aka sayar a gida da abin da aka aiko ba zancen hanya ba ne, kuma in baƙo ya tambaye su gidan wane ko shanu nawa gare shi, amsar ita ce a je a tambayi manya. Mu faɗa musu ba tare da mun cika musu ciki da tsoro ba. Darasin Lugu da Ƙonni yana cikin manhajarmu, ba sai mun ƙirƙiro wani ba.

Kawu bai ja katangar ba. Ya sayi fitilu biyu da ƙaramin faifan cajin waya, ya sa aka gyara ƙyaure, sauran kuɗin ya gina ɗaki a filin gidanmu na gari. Inna da yara suna kwana can, shi da babban ɗansa suna kwana tunga da damina, kuma ya ce in an yi girbi hatsin gari zai tafi. Ya kai wa Arɗo goro, Arɗo ya aiko da nono. Ranar da na koma, yana nuna mini kafar da ya buɗe a bayan shinge, sai ya ce: "Ashe dai komawa muka yi inda kakanni suka baro, Mushe." Na ce masa ƙwarai, Kawu, amma su ma da lafiya ta samu sun fito. Ya daɗe yana duban rijiyar da mahaifinsa ya haƙa, bai ce komai ba.

Allah ya dawo mana da zaman lafiya a Arewa da ƙasa baki ɗaya, ya tsare na gari da na tunga. Amin.